Gonar Gado Bayan Saki

Wata baiwar Allah daga Kiyawa ta rubuto cewa mijinta ya sake ta, ya kuma riƙe gonar da ta gada wurin mahaifinta, wai shekara 10 shi ke nomanta.

To malama, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Jigawa ke bi, aure ba ya gwama dukiya. Gadonki naki ne, haka sadakinki, har kwanukan jerenki. Shekarun da yake ƙirgawa hauzi yake nufi, wato mallakar abu saboda daɗewa ana riƙe da shi, amma hauzi ba ya cin aro, sai dai in kyauta kika ba shi. Ki nemo takardar rabon gado da shaidu, ki je gaban alƙali. In hukuncin bai gamsar da ke ba, ana ɗaukaka ƙara har Dutse.