Kafin ka kai ta a buɗe: nasiha a kan wayar da ta ƙi ɗaukar caji a faifai

Ɗana, na ji ƙorafinka a kan wayar nan da ka ce kana ɗora ta bisa faifan caji da dare, gari ya waye ba ta ƙaru da komai ba, har ka fara shirin kai ta kasuwa a buɗe. Dakata tukuna. Mu da muka tsufa a teburin gyaran rediyo da talabijin, sai mun gama duba duk abin da ke waje sannan muke ɗaukar sukudireba, domin na'urar da aka buɗe ba ta cika komawa yadda kamfani ya rufe ta ba. Wayoyin yanzu kuwa da gam ake manne bayansu, in an ɗaga shi sau ɗaya, kariyar da ke hana ruwa da ƙura shiga ta raunana ke nan. Galibin lokaci kuma laifin ba a jikin wayar yake ba.

Bari in fara gaya maka abin da ke faruwa a tsakanin faifan da wayar, don in ka gane shi, kai da kanka za ka riƙa hango inda matsala take. A cikin faifan akwai siririn zaren jan ƙarfe da aka naɗe zagaye-zagaye, abin da masu gyara ke kira koyil. A ƙarƙashin murfin bayan wayar akwai irinsa. Idan wuta ta bi ta na faifan tana kaiwa da komowa da sauri, sai ƙarfin maganaɗisu ya tashi a kewayensa, shi kuma ya haifar da wuta a na cikin wayar. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila tun 1831, kuma da shi taransifomar unguwarku ke aiki. Bambancin kawai, a nan an raba taransifomar gida biyu, rabi a kan tebur, rabi a aljihunka. Ƙarfin nan ba ya tafiya nesa, 'yan milimita ne kawai. Kafin ma wuta ta fara gudu sosai, faifan yakan aika ɗan sigina, wayar ta amsa masa ta faɗi yawan abin da take so, bisa wata ƙa'ida mai suna Qi wadda gamayyar kamfanoni ta Wireless Power Consortium, da aka kafa a 2008, ta fitar a 2010. In faifan bai ji amsa ba, ko ya ji abin da bai yarda da shi ba, sai ya ƙi sakin wuta. Yawancin abin da kake gani kamar lalacewa, wannan ƙin ne, kuma don kare ka aka tsara shi.

Tambayar farko tana da ɗan nauyi a baki, amma dole in yi ta: ka tabbata wayar taka tana da wannan koyil ɗin? Mutane da yawa sukan ga bayan waya na gilashi su ɗauka ai shi ke nan. A wajen Apple, sai daga iPhone 8 da iPhone X na 2017 abin ya fara. iPhone 7 da waɗanda suka gabace ta ba su da shi. Samsung ta saka shi a jiki tun Galaxy S6 na 2015, amma akasarin jerin Galaxy A, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'a, babu shi a cikinsu ko da sababbi ne fil. Haka mafi yawan Tecno da itel da Infinix, in ka cire 'yan kaɗan irin su Infinix Note 30 Pro da jerin Note 40. Ka nemi ainihin lambar samfurin a cikin saitin wayar, ka duba bayanin da kamfanin ya wallafa. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali ko abin da mai sayarwa ya ce, musamman in ta hannu ce.

In ka tabbata tana da shi, sai zama. Ka san tukunyar da aka ɗora a karkace a kan murhu: itace na ci, hayaƙi na tashi, gefe ɗaya na ƙonewa, ruwa bai tafasa ba. Haka wayar da koyil ɗinta bai hau daidai kan na faifan ba. Ko ta ƙi caji gaba ɗaya, ko ta yi ta ɗumi tana ja a hankali. A yawancin wayoyi koyil ɗin yana tsakiyar baya ne. Ɗora ta fuska sama, tsakiya kan tsakiya, ka ɗauke hannunka ka ba ta 'yan daƙiƙu, kada ka yi ta goga ta nan da can. In batirin ya mutu murus, tana iya ɗaukar mintuna kafin ta nuna alama. Ka lura da ƙusumbin kyamara, wanda a wayoyin yanzu ya yi tudu har yana ɗaga bayan waya daga faifai mai faɗi. Ka lura kuma da jijjigar da take yi in kira ko saƙo ya shigo, don tana iya zamar da ita gefe cikin dare, kai kuma kana barci kana zaton tana cika. Wannan zamewar ce ta sa Apple ta saka zoben maganaɗisu a iPhone 12 a 2020, ta kira shi MagSafe, daga baya aka ɗauki dabarar aka saka a ƙa'idar Qi2 a 2023.

Yanzu ga inda na fi zargi, rigar wayar da abin da ke cikinta. Cire ta gaba ɗaya ka sake gwadawa. Siririyar riga ta roba ba ta cika hanawa ba, amma in kaurinta ya wuce kamar milimita 3, ko irin mai aljihun kati ce, ko an lulluɓe ta da duwatsun ado, tazarar ta yi yawa. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙarfe. Zoben da ake liƙawa a baya don saƙala yatsa, da ɗan farantin ƙarfen da ake mannawa don wayar ta kama maganaɗisun mota, da allurar cire layi da mutane ke cusawa a bayan riga don kada ta ɓata, duk waɗannan in suka shiga tsakanin koyil biyu sukan sha ƙarfin su mai da shi zafi. An ƙera faifan kirki ya gane haka ya tsaya, kuma a da yawa daga cikinsu 'yar fitilar da ke gefe takan shiga ƙiftawa don ta sanar da kai. Faifan banza kuwa ba zai tsaya ba, sai dai ka ɗauki wayar ka ji ƙarfen ya yi zau. Na san kuma al'adarku ta maƙale katin cirar kuɗi da 'yan canji a bayan riga. Takardar kuɗi ba ta da laifi, amma katin ka raba shi da faifan, domin Apple da kanta ta yi gargaɗi cewa hakan na iya lalata layin maganaɗisu ko ƙwayar da ke cikin kati. Asarar kati ranar da kake bukatar kuɗi ta fi ta rashin caji ciwo.

Sai abin da ke ciyar da faifan, wanda kusan kowa ke mantawa da shi saboda sunan da aka ba abin ya sa ana ganin kamar babu igiya a lamarin. Akwai ta, daga bango zuwa faifai, kuma akwai kan caja. Faifai da yawa ana sayar da su ba tare da kan ba, sai mutum ya lalubo wani tsoho a durowa ya jona. Tsohon kai mai bolt 5 da amfiya 1 wat 5 kawai yake bayarwa, kuma kafin wutar ta tsallaka zuwa waya wani kaso ya tafi a zafi, don haka abin da ya rage bai isa ba. Za ka ga caji ya kama, ya saki, ya kama, ya saki. Juya faifan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa, a nan aka faɗi abin da yake bukata; ka karanta na jikin kan cajar ka ga ko sun dace. Masu saurin caji sukan nemi kan da ke iya ba da bolt 9. Faifan MagSafe na farko, alal misali, sai da kai mai wat 20 yake kai wa wat 15 ɗinsa. Igiyar ma ka sauya ta da wata gajera mai kauri wadda ka san tana aiki, ka cire daga jikin kwamfuta ko ramin rediyon mota ka kai soket na bango kai tsaye.

Ba kasafai nake ɗora wa wutar gari laifi a nan ba, ko da yake ita muka saba zagi. In ka duba jikin kan caja na gaske za ka ga an rubuta yana aiki daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar ƙarfi kaɗan ba ta dame shi ba, sai fa in ana ɗaukewa ana kawowa, ko janareta na tari. Amma in da fawa banki kake ciyar da faifan, ka sani wasu sukan kashe kansu in suka ji ba a jan wuta sosai, faifan da babu waya a kansa kuwa ɗan kaɗan yake ja. Sai ka fara ɗora wayar, sannan ka danna maɓallin fawa bankin.

Zafi kuma namu ne, ba sai an ba mu labari ba. Apple ta ce an yi wayoyinta ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40 da rana. Ƙara da ɗumin da cajin faifai ke haifarwa da kansa, sai wayar ta rage ja, ko ta tsaya a kashi 80 har ta huce. Ba ta lalace ba, batirinta take karewa. Ɗauke ta daga bakin taga da gaban mota da kan katifa, cire mata riga, rufe abin da kake kallo, ka bar ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka saka ta a firji kamar yadda na ji wasu yara na yi. Raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa.

Ɓangaren manhaja ba zan daɗe a kansa ba. Kashe ta ka kunna, ka sabunta ta in akwai sabuntawa. Ka tabbata babu igiya a bakin cajinta, don in akwai, ita za ta bi ta bar faifan. Duba saitin batir ko an kunna iyakar da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kuma a Samsung akwai maɓallin saurin cajin faifai da ake iya kashewa. Goge duk abin da ke cikin waya don a mai da ita sabuwa ba ya cikin abin da zan ba ka shawara a kan wannan matsala. Wahalar ta fi amfanin yawa.

A duk wannan, abin da na fi so ka riƙe shi ne ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Matasa sukan cire riga, su sauya igiya, su sauya soket, su kashe su kunna, duk a tashi guda. In ta kama ba su san me ya gyara ta ba, jibi kuma ta dawo. Sannu ba ta hana zuwa. In ka bi su ɗaya-ɗaya ba ka samu ba, nemi abokin da wayarsa ke caji a faifai, ku yi musaya: tasa a kan naka, taka a kan nasa. In tasa ma ta ƙi a naka, faifan ne ko kansa, ka huta da kuɗin gyara. In taka ta ƙi a duka biyun alhali tasa ta kama, to yanzu ne muka iso jikin wayar.

A nan sai ka tuna tarihinta. Ta taɓa faɗuwa bayanta ya fashe? An taɓa sauya mata gilashin baya ko batir? Koyil ɗin nan siriri ne kamar takarda, yana kwance daf da murfi, kuma wajen kankare fasasshen gilashi ana iya yanke shi, ko a mayar da murfi ba tare da ya zauna kan mahaɗinsa ba. Wayoyin hannu da aka sauya wa gida don tsohuwa ta yi kama da sabon samfuri su ma sukan rasa shi a wajen wannan sauyin. Kwantar da ita a kan tebur ka duba ta gefe: in ka ga bayan ya ɗago ko ta yi ciki, batirin ne ya kumbura. Wannan kam kada ka ƙara ɗora ta a kan faifai, kada ka jona mata igiya, kada ka danna ta don ta koma. Kai ta wajen gyara a ranar.

In za ka je, ko ofishin kamfanin ne saboda garanti bai ƙare ba, ko wajen masu gyara irin na Farm Centre a Kano, tafi da faifanka da kan cajarka, ka fara adana hotunanka da lambobinka a wani wuri. Gaya wa mai gyaran duk abin da ka gwada, ka ce masa a duba koyil da mahaɗinsa kafin a taɓa allon ciki, kuma a gwada a gabanka kafin ka biya. A wasu wayoyin Samsung koyil ɗin da eriyar NFC, wadda ake biyan kuɗi da ita ta hanyar kara waya, a shafi ɗaya suke, don haka a gwada ita ma.

Ra'ayina kuwa, in bakin cajin wayar lafiyarsa lau, kuɗin gyaran kuma ya yi tsada, ba laifi ka bar ta haka. A inda ake kawo wuta na awa biyu a ɗauke, igiya ta fi saurin cika waya, ta fi tattalin abin da ke cikin batirin sola ko fawa banki, kuma ba ta dafa ta kamar faifai. Ranar da faifan ke da rana ita ce ranar da bakin cajin ya lalace, ko ruwa ya shige shi wayar ta ƙi karɓar igiya har sai ya bushe. Wani abu kuma da ya shafi gidanku: in akwai dattijon da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, Apple ta ce a nisanta wayar da ita fiye da santimita 15, in tana kan faifai kuma fiye da 30, saboda haka kada a ajiye faifan a gefen matashinsa.