KIRCI DA TSAMIN FATA

Jama'ar Ikara, Makarfi da Kudan, ku saurara. Da hunturu ya kama, manya da yawa sukan zo ɗakin shan magani da ƙaiƙayi a wuya, da gwiwar hannu, da bayan gwiwa, fata ta bushe ta tsattsage. Wannan shi ne kirci. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kamar ƙazuwa ba.

Ga yadda abin yake. Fata katangar jiki ce, yaɓenta kuwa wani ɗan maiƙo ne mai tsami kaɗan. Likitoci biyu na Jamus, Schade da Marchionini, su suka ba shi suna a 1928. A ma'aunin masana, ruwa zalla 7 ne, lafiyayyar fata wajen 5, sabulu kuwa 9 ko 10. Yadda tsami ke hana nono saurin lalacewa, haka wannan tsami ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma taimakon fata ta riƙe danshi.

Mai kirci yaɓensa ba shi da ƙarfi. Sabulun wanki, da sabulun salo, da toka, da kanwa, duk suna kashe tsamin. Sai danshi ya fita, ƙura da ƙwayoyin cuta su shiga. Ya sosa, katanga ta ƙara zubewa.

To, ga abin da za ku yi:

1. Ku yi wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da dirza da soso.
2. Sabulun wanka kaɗan ya isa, a hammata da matsematsi da ƙafa. Kada manomin rake ko tumatir ya dawo daga fadama ya yi wanka da garin sabulun wanki.
3. Da an fito, tun jiki bai bushe ba, a shafa man kaɗanya ko basilin. A sake shafawa da dare.
4. Kada ku goga lemun tsami wai ku mai da tsamin. Ƙonewa zai yi.
5. A yanke farce.

In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, kada a tsaya sayen mai a kasuwa. A tafi ɗakin shan magani ko babban asibitin Ikara ko na Makarfi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa. Allah ya ba mu lafiya, amin.