Wani Kamfani Da Masana Noma Sun Haɗa Kai Kan Ranar Shukar Gyaɗa

Manoma, kun san babu abin da ke hana mai gona barci a farkon damina kamar zancen ranar shuka. In ka yi gaggawa da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa, ga shi kuwa da kuɗi ka saye shi, ko ma bashi ka ci. In ka yi jinkiri kuma, damina ta wuce ta bar gyaɗa ba ta ƙosa ba. A wannan mako za mu duba yadda aka gwada warware wannan matsala a ƙasar Indiya.

Akwai wata cibiya ta duniya da a ke kira ICRISAT, an kafa ta a 1972, babban ofishinta yana Patancheru kusa da birnin Hyderabad. Ƙasashe da ƙungiyoyi da yawa ke zuba mata kuɗi. Aikinta shi ne binciken dawa da gero da gyaɗa da wasu irin wake, watau amfanin ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ba baƙuwarmu ba ce, tana da gonar gwaji a Sadore kusa da Yamai, da kuma ofis a Kano.

A daminar 2016 cibiyar nan ta haɗa kai da kamfanin Microsoft na Amurka, mai sana'ar kwamfuta, da gwamnatin jihar Andhra Pradesh. Suka zaɓi manoman gyaɗa 175 a yankin Devanakonda, cikin gundumar Kurnool. Kowa ya kawo abin da ya ke da shi. Masana suka kawo sanin ƙasar wurin da halin gyaɗa. Kamfani ya kawo na'urorin lissafi. Aka ɗebo lissafin ruwan sama na shekara 30, daga 1986 zuwa 2015, aka gama da ruwan da ke sauka kullum da wanda a ke tsammani nan gaba, don a gane ranar da ƙasa ta sha ruwan da zai riƙe shuka.

Shi manomi ba a ce ya sayi kome ba. 'Yar wayar hannu mai karɓar rubutaccen saƙo ta isa. Saƙon kuma da harshensu na Telugu ya ke zuwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, don shawarar da mutum bai ji ba ba ta amfane shi ba. Ana gaya musu lokacin gyaran gona, da wanke iri da magani, da zurfin shuka, da takin da ya dace da ƙasarsu.

To, ga inda aka gwada haƙuri. Mutanen wurin sun saba shuka a farkon watan Yuni. Saƙo ya ce su dakata. Ku duba nauyin wannan: maƙwabcinka ya shuka, tasa ta tsiro, kai kana zaune kana jiran waya. Sai wajen ƙarshen Yuni aka ce su shuka, watau jinkirin kamar mako uku. Da watan Agusta ya kama, ruwa ya ɗauke na tsawon kwanaki. Gyaɗa kuwa ta fi bukatar ruwa sa'ad da ta ke zuba 'ya'ya, saboda haka waɗanda suka riga shuka suka sha wuya. Masu bin saƙo, in ji cibiyar da kamfanin, sun sami ƙarin amfani wajen kashi 30 cikin ɗari. Mai samun buhu goma ya sami goma sha uku ke nan. A 2017 aka faɗaɗa aikin ya kai manoma fiye da 3,000, har da jihar Karnataka, aka ƙara da masara da shinkafa da auduga.

Amma a yi hattara da wannan lissafi. Masu aikin ne da kansu suka faɗe shi, kuma damina ɗaya ce, manoma 175. Da farin ya faɗo a wani watan dabam, watakila da labarin ya sake. Sa'an nan kamfani ba sadaka ya fito yi ba. Yana gwada kayansa ne, yana kuma neman kasuwa a ƙasashe masu tasowa. Wannan ba laifi ba ne, ciniki ne, 'yan kasuwa sun fi mu sani. Sai dai in lokacin gwaji ya ƙare, wani zai biya kuɗin saƙon da na masu auna ruwa, ko gwamnati ko manomi.

Kada kuma wani ya ɗauki ƙarshen Yuni ya ce ita ce ranar shuka a gonarsa. Wancan lissafin na ƙasar Kurnool ne da ruwanta. In irin wannan aiki ya iso garinku, ku tambayi malamin gona a ina aka auna ruwan da a ke lissafi da shi, wa zai biya bayan shekarar farko, kuma ina a ke kai sunayenku da labarin gonakinku. In amsa ta gamsar, a ware eka ɗaya ko rabi a bi shawarar waya, saura a yi yadda aka saba, da kaka a auna buhunan kowanne dabam.