Waya Mai Marfi: Fasalinta, Amfaninta da Yadda Ake Kula da Ita

Waya mai marfi wayar salula ce da aka ƙera ɓari biyu, tana buɗewa tana rufewa kamar gidan hoda mai madubi. Ɓarin sama na ɗauke da gilashi da sifikar kunne, na ƙasa kuma na ɗauke da madannai da batir da injin wayar. Abin da ya riƙe su shi ne gaɓar da ke tsakiya, kuma a wannan gaɓa kyawun wayar da rauninta suka taru.

Kamfanin Motorola na Amurka ne ya yi wa wannan fasali suna. A 1996 ya fitar da StarTAC, wadda nauyinta bai wuce giram 88 ba. A 2004 kuma ya kawo RAZR V3, siririya mai jikin ƙarfe, wadda aka sayar da fiye da miliyan 130. Wannan ya zo daidai da shekarun farko na yaɗuwar wayar salula a Najeriya, domin a Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Shi ya sa mutane da yawa a garin Azare na ƙasar Katagum suka fara sanin waya ta ado da irin wannan. Zuwan iPhone a 2007 da wayoyin shafa na Android ya ture ta gefe, amma ba ta ɓace ba. An fitar da Nokia 2720 Flip a 2019 da Nokia 2660 Flip a 2022, Samsung kuma ya fito da Galaxy Z Flip a 2020, wadda gilashinta da kansa yake lanƙwashewa.

Ta fuskar ado, abin da ke jan hankali shi ne ƙanƙantarta. Idan aka rufe ta, tsawonta na raguwa kusan rabi, ta shige aljihun kaftani ko ƙaramar jakar hannu ba tare da ta ja tufa ba. Yawancinsu na da ɗan gilashi a bayan marfi mai nuna lokaci da sunan mai kira, sai mutum ya san wanda ke nemansa kafin ya buɗe. Idan aka buɗe kuma, tsawonta na kaiwa daga kunne zuwa kusa da baki, murya ta fita sarai ko a hayaniyar kasuwa ko tashar mota.

Amfaninta na yau da kullum ya fi adon yawa. Marfin na kare gilashi daga kartar makulli da yashin aljihu, yana kuma hana madannai dannuwa da kansu su kira mutum, kati ya ƙare a banza. A yawancin nau'o'i, buɗewa amsa kira ce, rufewa kuma kashewa. Akwai ɗan maganaɗisu a ɓari ɗaya da na'urar da ke jin kusantowarsa a ɗaya ɓarin, ta haka wayar ke gane an rufe ta. Wannan sauƙi ne babba ga dattawa, da masu raunin gani, da wanda hannunsa ke cikin aikin gona ko girki. Batirin mai madannai na kwana da kwanaki bai mutu ba, abin da ke da muhimmanci a ƙauyukan Zaki da Gamawa da Itas/Gadau, inda da yawa sai sun kai waya shagon caji sun biya. Tura kuɗi ta lambobin banki ba ya bukatar intanet, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna darajar hakan. Duba kuɗin kira da *310# da sa kati da *311# duk suna yiwuwa a kanta. Sai dai yawancin masu madannai ba sa ɗaukar WhatsApp da manhajojin banki, don haka ɗan kasuwar da ke tura hotunan kaya ba za ta wadatar da shi ita kaɗai ba.

A teburin gyara, matsalar da aka fi kawowa daga gaɓa take. Ta cikinta wani siririn tsiri mai layukan jan ƙarfe ya ratsa, wanda masu gyara ke kira fileks, shi ke kai wuta da hoto da murya zuwa ɓarin sama. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa shi ake yi, a hankali har layukan su tsage. Alamun a bayyane suke: gilashi ya yi fari fat ko baƙi alhali madannai na kawo haske, ko hoto ya zo idan an buɗe rabi ya ɗauke idan an buɗe duka, ko a daina jin mai magana sai an sa babbar sifika. Mutane da yawa kan zaci gilashin ne ya mutu su sayi sabo, bayan kuwa fileks ne kawai ya yanke. Yanayin ƙasar Katagum na ƙara wa abin sauri. Ƙurar hunturu na shiga gaɓa ta riƙa cin robar, zafin bazara da kan haura digiri 40 na kumbura batir, gumi da ruwan damina kuma na kawo tsatsa.

Rigakafi ya fi magani. A buɗe ta da hannu biyu ko a hankali da babban yatsa, ban da wurga marfi ko buga shi da ƙarfi. Kada a zauna da ita a aljihun baya, kada a bar wa yara su yi wasa da marfin. A share gaɓar da busasshen burushi mai laushi, ba a ɗiga mata man keke ko na gyaɗa, domin mai ƙura yake tarawa. Ba a barin ta a gaban mota cikin rana. Idan ta faɗa ruwa, a cire batir nan take, kada a kunna ko a sa caji, a kai ta wurin mai gyara. Binne ta cikin shinkafa ba ya hana tsatsa. Batirin da ya kumbura a canza shi, kada a jefa tsohon cikin wuta.

Mai saye, musamman ta hannu, ya buɗe ya rufe sau da yawa yana kallon gilashi. Marfi mai lilo ko ƙara alama ce ta gaɓar da ta gaji. Ya sa layinsa ya yi kira, ya gwada madannai ɗaya bayan ɗaya, ya duba ramin caji. Ya danna *#06# ya kwatanta lambar IMEI da ta jikin kwali, ya karɓi rasit don gudun kayan sata. Ya kuma tambayi mai gyara ko ana samun fileks da batirin wannan nau'in, domin kayan gyara da dama daga kasuwar Farm Centre ta Kano ake kawo su Azare, kuma na tsofaffin nau'o'i kan yi wuya. Masu gilashi mai lanƙwasa kuwa gyaransu na da tsada ƙwarai, kuma ba kowane shago ke da kayan aikinsu ba, don haka a san kuɗin canza gilashin tun kafin a biya kuɗin wayar.