Darasin Rani: Ɗinkin Saƙar Zuma da Guntayen Ƙyalle

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ga hunturu ya kawo kai. A gidaje da yawa yara uku ko huɗu ne ke jan mayafi ɗaya da dare, gari ya waye kuwa ana tari da majina. Bargon kanti sai an sayar da hatsi kafin a saye shi, kuma hatsin da aka sayar da kaka, da tsada za a sake sayensa da damina.

Amma in kun leƙa shagon tela da yamma, za ku ga guntayen atamfa da na yadi ana share su, a kai juji ko a cinna musu wuta. Kun tuna a Yohanna sura 6, bayan da Ubangiji ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da ya rage, har suka cika kwando 12. Darasinmu na wannan wata shi ne yadda za mu tattara waɗannan guntaye mu mai da su bargo, da allura da zare kawai, ba sai da keke ba.

Inda aikin ya fito

Wannan ɗinki daga Ingila ya fito. A birnin York akwai wani abin rufa gado na siliki mai ɗauke da shekarar 1718 a jikinsa, an ɗinka guntayensa a kan takarda, takardun kuwa suna ciki har yau. Takarda tana da tsada a zamanin, saboda haka mata sukan yanka tsofaffin wasiƙu su yi aiki da su. A 1835 wata mujallar mata ta Amurka, Godey's Lady's Book, ta buga yadda ake yin mai kusurwa shida. Da farko aikin masu hali ne, amma a shekarun 1930, da talauci ya faɗa wa Amurka, matan manoma suka rungume shi, har da yadin buhun gari suka yi aiki. Mu mun sa masa suna saƙar zuma, gama haka yake kama. Kowane guntu mai kusurwa shida za mu kira shi gida.

Asirin aikin shi ne takarda. Ƙyalle yana miƙewa yana karkacewa, takarda kuwa tana tsayawa yadda aka yanka ta. Ana naɗe ƙyalle a kan takarda, a haɗa gida da gida, in an gama a zare takardar. In takarda ta yi daidai, ko sabon hannu zai fitar da bargo mai kyau. In ba ta yi daidai ba, ko gwani ba zai iya gyarawa ba.

Kayan aiki

Ana bukatar guntayen ƙyallen auduga, allura siririya, zare, almakashi, fil, fensir, kamfas na 'yan makaranta, kwali mai ƙarfi, da takarda mai ɗan kauri, kamar bangon littafin rubutu, tsohon ambulan ko kalanda. Ku guji jarida, gama tana da laushi kuma tawadarta tana ɓata ƙyalle. Kada ku haɗa yadi mai kauri da marar kauri a bargo ɗaya, kada kuma ku sa tsumman da ya ruɓe, domin shi zai fara yagewa. Ku wanke guntayen tukuna, kowane launi dabam, don a gane mai zuba, sa'an nan ku goge su.

Mataki na 1: Yin uwa

Uwa ita ce kwalin da za a riƙa zana dukan takardu da shi. Ku buɗe kamfas inci ɗaya da rabi, ku zana da'ira a kan kwali. Kada ku taɓa buɗin kamfas ɗin. Ku kafa tsininsa a bakin da'irar, ku yi alama inda fensir ya taɓa layin, ku matsa zuwa alamar, ku sake yi. Alama shida za ta zagaye da'irar cif. Ku haɗa alamun da rula, ku yanke a hankali. Kowane gefe zai zama inci ɗaya da rabi, daga tsini zuwa tsini kuwa inci 3.

A nan muke so ku saurara da kyau, gama mu kanmu mun sha wuya. Karon farko da muka gwada wannan aiki da matan wata ikkilisiya, mun bar kowace mace ta yanka takardunta a gida, tana ɗora sabuwa a kan wadda ta yanka kafinta. Haka takardun suka yi ta girma kaɗan kaɗan ba wanda ya lura. Ran da aka kawo aikin don a haɗa, tsini ya ƙi saduwa da tsini, bargon ya yi tulluwa a tsakiya kamar faifan da ya sha ruwa. Aikin mako uku muka warware, mata biyu kuwa ba su ƙara dawowa ba. Laifinmu ne, ba nasu ba. Ku duba lissafin: kaurin tsinken ashana wajen milimita 2 ne. In kowane gida ya wuce da wannan kaɗai, jerin gida 14 zai wuce da milimita 28, wato fiye da inci guda. Saboda haka uwa ɗaya tak ga ƙungiya, kowace takarda daga jikinta za a zana, kuma mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa su ne za su yanka wa kowa.

Mataki na 2: Naɗe ƙyalle

Ku ɗora takarda a bayan ƙyalle, ku soke ta da fil a tsakiya. Ku yanke ƙyallen kuna barin rubu'in inci ko ɗan fiye a kowane gefe. Guntun da ya kai inci 4 tsawo da faɗi ya isa gida ɗaya. Ku kalmashe gefe ɗaya a kan takardar, ku danne da farce, ku kalmashe na kusa da shi, ku kama kusurwar da manyan ɗinki na wucin gadi, har ku zagaye duka shida. Ƙyallen ya kwanta a bakin takarda sosai, amma kada ku ja har takardar ta lanƙwashe. Ku yi wannan ɗinki da zare mai launi dabam domin ya yi sauƙin cirewa.

Mataki na 3: Haɗa gida da gida

Ku haɗa gida biyu fuska da fuska, tsini a kan tsini. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, in ya fi haka zai riƙa harɗewa. Goga shi a kakin zuma yana taimakawa. Ku fara daga kusurwa, kuna ɗaukar zare biyu ko uku na bakin kowane ƙyalle, ɗinki ƙanana a jere, wajen 12 a inci guda. Allura kada ta huda takarda. Ku ƙulle a kowace kusurwa.

Gida ɗaya a tsakiya da shida kewaye da shi, shi ne fure mai gida 7. In an ƙara zagaye na biyu, gida 12 ne, jimla 19. A kowace mahaɗa gida uku ne ke saduwa, don haka in za ku ɗinke tsakanin gidaje biyu na zagayen, sai kun ninke na tsakiya tare da takardarsa. Kada ku ji tsoro, za ta miƙe.

Mataki na 4: Gamawa

Kada a cire takarda sai an ɗinke gidan ta dukan gefensa shida. Sa'an nan a warware zaren wucin gadi, a zare takardar, a goge ta, gama za ta sake yin aiki. Na bakin bargo su ne na ƙarshen cirewa. Bakin zai fito kamar haƙoran zarto, sai a ɗora shi a kan dogon yadi mai faɗin inci 4 a ɗinke. A sa tsohon zane mai tsabta a tsakiya domin ɗumi, a yi shafi a baya, a bi da ɗinki ko ƙulli kowane inci 4 don kada cikin ya tattare wajen wanki.

Yadda ƙungiya za ta raba aikin

Bargon yaro mai faɗin inci 36 da tsawon inci 45 yana cin gida wajen 280, wato fure 40. Mutum ɗaya zai gaji ya ajiye, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum 10 ne, kowa fure 4; fure ɗaya a mako, cikin mako huɗu an kai ga haɗawa. Maza, kada ku ce aikin mata ne. A ƙasar nan maza ne suka saba ɗinkin hula da aikin wuyan riga. 'Yan makaranta kuma su zana takardu, su ga amfanin lissafin da suke koyo. Ku nemi guntaye wurin tela da ladabi, in ya ce a biya kaɗan, a biya daga asusun ƙungiya a rubuta.

Shawararmu ita ce bargon farko kada a sayar. A ba gidan da ya fi bukata, yadda Dokas ta birnin Yafa ta yi wa gwauraye tufafi, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 9. In hannu ya faɗa, sai a yi maganar kasuwa, a fara da ƙananan abubuwa kamar rigar matashi da jakar littafi.

Tambayoyi domin taronku

1. Gida nawa ne a cikinmu yara ke kwana ba isasshen abin rufa?
2. Wa zai riƙe uwa, wa kuma zai yanka takardu?
3. Wane tela za mu tuntuɓa, wa za mu aika?
4. Wa za a ba bargon farko?

Kowa ya zo taro na gaba da allurarsa da guntu bakwai wankakku. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.