Darasi na 12: Kirsimeti a Gidan Surukai

Karatu: Fitowa 18:1-12, Romawa 14:1-6

Idan watan Disamba ya kama, mu mazaunan Gombe mukan tafi Billiri, ko Kaltungo, ko Dadin Kowa, domin mu yi Kirsimeti da dangi. Amma inda Batangale ya auri 'yar Tera, gardama takan tashi: gidan iyayen wa za a je? Wani lokaci kowa ya kama hanyarsa, 'ya'ya suna kallo.

Mu dubi Musa. Surukinsa Yetro mutumin Madayana ne, ba Ba'isra'ile ba. Duk da haka Musa ya fita ya tarye shi, ya sunkuya ya gaishe shi. Haruna da dattawa kuma suka ci abinci tare da shi a gaban Allah.

Haka ya kamace mu. Gaisuwar surukanmu, da tuwonsu, da waƙoƙinsu, mu karɓa da murna, gama ba zunubi ba ne. Abin da ya saɓa wa Maganar Allah kaɗai za mu ƙi, shi ma da ladabi. Bana gidan iyayen miji, baɗi na iyayen mata.

Tambaya: Wace al'adar surukanmu muka raina ba dalili?