Mafassarin da ke fassara kansa

Mafassarin manhaja shiri ne mai juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, yana da sarƙaƙiyar da za ta burge masanin harshe: da C da C++ aka rubuta shi, su ne kuma yake fassarawa. To wa zai fassara mafassarin?

Aro ake yi. Wani mafassari da ke cikin kwamfutar ya gina zubin farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku. Sai a gwama na biyu da na uku: tushensu ɗaya, maginansu ma tushe ɗaya, don haka dole su fito daidai. In sun saɓa, ginin ya tsaya, domin kuskuren mafassari yana iya bin duk manhajar da ta ratsa ta hannunsa.

Tun kafin nan sai an tanadi kayan lissafi uku: GMP, MPFR da MPC. Sannan a fayyace na'urar da ake ginin a kanta, wadda mafassarin zai zauna, da wadda zai yi wa fassara. Idan ta ƙarshen daban ce, babu wancan gwaji na zubi uku.